Yadda Ake Gano Matsalar Injin Zuƙar Ƙura Da Gyara Shi A Gida

Shekara huɗu ke nan injin sharar masallacin unguwarmu yana hannuna. Ba ni da sana'ar gyaran kayan wuta, an dai ga ina da ɗan karambanin kwance abu ne aka ɗora mini. Wata Alhamis da yamma, ana shirin share kafet saboda Juma'a, ladan ya aiko yaro cewa injin ya daina ja. Na ɗora shi a babur na kai wa wani mai gyara. Ya kunna, ya saurara kamar daƙiƙa biyar, ya ce, "Alhaji, kwayil ne ya tafi, sai dai a sake moto." Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin sabo. Na ce masa bari in shawarci kwamiti. Da na dawo gida na cire mesar na haska tocila a ciki, sai ga safar yaro ta dunƙule a lanƙwasa, bayanta ƙwallayen dabino sun yi layi. Na tura sandar mofa, komai ya zubo, injin ya dawo kamar ranar da aka saye shi.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya: kada a taɓa moto sai an bi hanyar iska daga farko har ƙarshe. Mafi yawan abin da ake kira lalacewa toshewa ce kawai.

Yadda injin yake numfashi

A cikinsa akwai moto mai juya fanka da matuƙar gudu. Fankar tana tura iska waje, sai wata iskar ta kwararo ta bakin shara don cike gurbin, ta kwaso ƙura a hanya. Daga baki ta bi bututu, ta bi mesa, ta shiga jaka ko bokitin ƙura, ta ratsa matata ta farko, ta bi ta cikin moto, ta ratsa matata ta biyu, ta fita. A yawancin injinan gida, wannan iskar ita ce kuma take sanyaya moton. Saboda haka idan hanya ta toshe abu uku ne suke zuwa tare: ja ya ragu, jikin injin ya yi zafi, ƙararsa ta koma siririya mai tsini. Mutane suna jin wannan ƙarar su ce injin yana wahala. A gaskiya fankar ce ta rasa iskar da za ta ture, sai moton ya ƙara gudu ba tare da mai sanyaya shi ba, kuma a haka yake ƙonewa.

Kafin ka fara

Zare filogi daga soket. Kashe makunni bai wadatar ba. Idan mai batir ne, cire batirin in yana fita. Fitar da injin tsakar gida, ka sa takunkumi, don ƙurar da za ta tashi ba ta wasa ba ce, musamman ga mai asma. Tanadi sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, almakashi, tocila, tsohon buroshin haƙori, sandar mofa, salatif na masu wuta, da mita ta gwajin waya idan kana da ita. Duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa da waya tukuna. Sukurorin kuma zuba su a murfin kwano, don idan ɗaya ya faɗa yashi ka yi sallama da shi.

Idan yana tashi amma ba ya ja

Nan ne aikin yake da yawa, kuma nan ne ya fi dacewa a bi a hankali.

Fara da jaka ko bokiti. Jakar takarda ko ta yadi ana sauya ta idan ta kai kashi biyu cikin uku, ba sai ta cika ta yi tauri ba. A wajenmu ma akwai ƙarin bayani. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana toshe ƙananan ramukan jikin jakar tun ba ta kai rabi ba. Sai ka buɗe ka ga jaka da sauran wuri, ka ce ba ita ba ce, alhali iska ta daina ratsa ta. Gwajin mai sauƙi ne: sa sabuwar jaka ka kunna. Wasu suna zazzage jakar takarda su ɗinke ta su mayar. Tana iya yi sau ɗaya, amma ramukan sun riga sun cushe. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne kunna injin mai jaka babu jakar, domin yashi zai wuce kai tsaye ya ci fanka da boris, wato zoben ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sandar moto take juyawa a cikinsa. Mai bokiti kuwa akwai layi a jikinsa da aka rubuta MAX, kada shara ta haura shi.

Sai gwajin tafin hannu, wanda shi ne yake raba maka matsalar gida biyu. Cire mesar gaba ɗaya daga jikin injin, mayar da filogi, kunna, ka ɗora tafinka a ramin da mesar take shiga. Idan ya kama hannunka da ƙarfi, moto da matata lafiya suke, matsalar tana cikin mesa ko bututu ko baki. Idan ja ɗin ya yi sanyi tun daga nan, matsalar tana cikin jikin injin. Kada ka daɗe da hannun a wurin, daƙiƙa biyu ta isa. Kashe, sake zare filogi.

A ce matsalar a waje take. Raba baki da bututu da mesa, kowanne daban. Bututun ƙarfe miƙaƙƙe ne, ɗaga shi ka leƙa sama, za ka gani. Mesa kuwa riƙe ta a tsaye ka jefa ƙwallon dabino ko ƙaramin dutse ta sama. In ya faɗo ƙasa, hanya a buɗe take. In ya maƙale, tura sandar mofa ta ɓangarenta mai santsi, a hankali, daga gefen da ya fi kusa da injin zuwa gefen baki, wato ka mayar da abin ta hanyar da ya shigo. Kada ka yi amfani da wayar ƙarfe ko rodi, za ka huda mesar ka ƙara wa kanka aiki. Wurin da abu ya fi maƙalewa shi ne lanƙwasar mariƙi da wuyan bakin shara. Abubuwan da na ciro a waɗannan wurare biyu cikin shekara huɗu sun haɗa da ledar ruwan sha, tsinken sakace, murfin biro, ƙwayoyin carbi, allurar maƙale mayafi da ta gitta ta tare gashi da zare har suka zama toshi. Galibi abu ɗaya dogo ne yake gittawa, sauran su taru a bayansa.

Idan babu toshi, nemi huda. Kunna injin da mesar a jiki, toshe bakinta da hannu ɗaya, ka bi jikinta da ɗaya hannun kana ɗan lanƙwasa ta. Za ka ji shuuu a inda ta tsage, yawanci dab da inda take haɗuwa da roba a kowane ƙarshe. Ƙaramar tsaga salatif yana riƙe ta na ɗan lokaci. Idan kusa da ƙarshe take, a injina da yawa ana iya ɓalle zoben robar, a yanke wurin da ya tsage, a murɗa mesar ta koma. Lura dai, sau da yawa murɗin na hagu ne. Duba kuma mariƙin: akwai wata 'yar ƙofa da ake turawa da babban yatsa don rage ja idan ana share labule. Na taɓa ɓata rabin sa'a ina neman matsala, ashe yara ne suka bar ta a buɗe.

A ce kuma matsalar a cikin jiki take. To matata ce, kusan kullum. Ta farko, wadda take gaban moto, yawanci soso ce ko wani kauri mai kama da bargo. Kaɗe ta a jikin bango, ka wanke da ruwan sanyi zalla, ba omo ba sabulu, kana matsewa har ruwan ya fita fari. Sannan ka shanya ta a inuwa mai iska aƙalla sa'a 24. Wannan jiran shi ne mutane ba sa iya yi. Ka mayar da ita da danshi, ruwan ya shiga moto, ƙura ta zama taɓo, injin ya riƙa warin rima har abada. Da damina ma ka ba ta kwana biyu.

Matata ta biyu tana wajen fitar iska. A injina masu kyau ita ce ake kira HEPA, farar takarda mai ninki-ninki cikin firam ɗin roba. Bisa ma'aunin Amurka, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikiron 0.3, ƙurar da ido ba ya gani. Wata ana wankewa, wata ba a wankewa, kuma a jikinta ake rubutawa ko a zana famfo. Wadda ba a rubuta ba kada ruwa ya taɓa ta. Kaɗe ta a hankali, in ta yi baƙi a sauya. Akwai al'adar kai injin wurin mai faci ya hura shi da iskar taya. Wannan dabara ce mai kyau ga jikin injin da kuma mazurarin nan na cikin bokiti mai ƙananan ramuka, amma iskar ta fi ƙarfin takardar HEPA, tana yaga ta yadda ba za ka gani ba, daga nan ƙurar da ka share ta riƙa dawowa ɗaki.

Kafin ka rufe, shafa yatsa a kan robobin da suke zagaye murfi da bakin bokiti. In ɗaya ta zame ko ta bushe ta tsattsage, iska za ta riƙa satar hanya ta nan. Mayar da ita mazauninta, ka tabbatar murfin ya yi ƙas ya kama.

Idan yana aiki sai ya mutu da kansa

Ya yi minti biyar ko goma, ya ɗauke, jikinsa zafi rau, bayan wani lokaci ya sake tashi. Wannan ba lalacewa ba ce. Akwai wani ɗan makunni a jikin moto da yake yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Zare filogi, bar shi ya huce rabin sa'a zuwa sa'a guda, ka yi amfani da lokacin wajen bin duk matakan da na lissafa a sama, domin toshewa ce ta jawo zafin. Akwai masu gyaran da suke cire wannan makunnin su haɗa wayar kai tsaye, su ce maka sun magance. Kada ka yarda. Shi ne kaɗai yake tsakanin motonka da gobara.

Wuta ma tana da nata laifin. Injin shara mai waya yana jan wat 600 zuwa 2,000, kuma a lokacin tashi yana fizgar fiye da haka. Ƙaramin janareton nan da ake cakuɗa masa fetur da baƙin mai ba ya ɗaukarsa. Doguwar wayar ƙari mai siririn ciki ita ma tana rage ƙarfin wuta, ta yi zafi, wani lokaci ta narke a soket. Mai amfani da sola da inbata ya duba lambar wat a ƙarƙashin injin kafin ya jona. Abin da zai taimaka a sani: tun watan Satumban 2014 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin injinan gida da suka wuce wat 1,600, daga Satumban 2017 kuma ta rage zuwa wat 900. Idan ka ga ɗan gwanjon Turai an rubuta 700W ko 800W, kada ka raina shi. An gyara fanka da bakin ne yadda za su ja da ƙaramar wuta, kuma shi ya fi dacewa da irin wutarmu.

Idan ya ƙi tashi sam

Bi wutar daga bango zuwa moto, kamar yadda ka bi iska.

Jona wani abu a soket ɗin, ko dutsen guga, ka ga yana kawo wuta. Sai filogi. Mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya da Gana yana da fis a ciki, yawanci an rubuta 13A. Sauya shi da mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai inda waya ta haɗu, kada ka naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari. Filogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu da aka fi gani a Nijar ba shi da fis, sai ka wuce gaba.

Wayar kanta ita ce ta fi yawan laifi, saboda ja da ake yi mata daga nesa da kuma ƙofa da take datse ta. Tana karyewa ta ciki, robar waje kuma lafiya lau, kusan kullum a wuri biyu: gindin filogi da inda take shiga jikin injin. Sa mita a kan gwajin da take yin ƙara, maƙala tsinkayenta a ƙafafun filogi biyu masu ɗaukar wuta, danna makunnin injin, ka riƙa lanƙwasa wayar a waɗannan wurare. Duk wannan ba a jone da wuta ba. In ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa, ka kama ɓarawon. Idan a gindin filogi ne, yanke kamar tsawon tafin hannu ka ɗaura sabo: waya mai ruwan ƙasa ta tafi ƙafar da fis yake, inda aka rubuta L, shuɗiya ta tafi N. Yawancin injinan shara waya biyu ce kawai a ciki, don haka kada ka damu da rashin ta uku. Ɗaure maƙallin da yake riƙe robar waje sosai. Idan kuma injin mai haɗiye wayarsa ne kuma karayar tana ciki, ka kai wa wanda ya saba. Akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle a wurin, idan ya kuɓuce yana yanka hannu, mayar da shi kuma sai mai haƙuri.

Makunni yana cika da ƙura ya daina haɗawa. Buɗe murfin sama, gwada shi da mita: ya yi ƙara in an danna, ya yi shiru in an sake dannawa. Ba shi da tsada, cire shi ka tafi da shi kasuwa a ba ka irinsa.

Akwai kuma mutuwar da ba ta da magani. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 240. Wani ɗan'uwa ya aiko da injin daga can, ko an saya a gwanjo, aka sa masa adafta aka jona: zai yi kururuwa na ɗan lokaci kaɗan, ya yi hayaƙi, shi ke nan. Kafin ka jona kowane injin da ba ka san asalinsa ba, kifa shi ka karanta takardar da ke manne a ƙasa. In ka ga 120V, sai da taransifomar rage wuta. Manyan injinan Amurka sukan ja 12A, wato wajen wat 1,440, saboda haka taransifomar ta kai wat 2,000 ko sama. Ƙaramar da ake sa wa injin aski ba ta wannan aikin ba ce.

Idan wuta ta isa har moto amma bai juya ba, ko yana tashi yana tartsatsi da warin ƙuna, duba kabon. Wasu 'yan baƙaƙen gawayi ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe, da sifirin yake danna su a jikin zoben tagulla na amecha, wato ɓangaren moto mai juyawa. Suna cinyewa da aiki. In abin da ya rage bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, sauya duka biyun tare, masu kauri da faɗi daidai da na asali. Goge zoben tagullar da busasshen tsumma. Ɗan tartsatsi shuɗi ƙarami a bakin kabon ba komai ba ne. Wanda yake zagaye zoben gaba ɗaya kamar wuta ta kewaye shi, wannan amecha ce ta tafi.

Buroshin baki ya daina juyawa

Injinan da ake turawa a tsaye, da wasu bakunan na kafet, suna da buroshi mai juyawa a ƙasa. Kifa shi ka gani. A gidan da ake kitso da ƙarin gashi ko ake ɗinki, za ka tarar gashi da zare sun naɗe shi kamar igiya. Bi tsawonsa da almakashi ka yanke, ka zare. Cire marufan gefe biyu, domin a nan gashin yake shiga ya ƙulle boris, har zafi ya narka robar.

Warin ƙonanniyar taya alamar bel ce. Buroshi ya tsaya, sandar moto tana ta gurzar bel a wuri ɗaya. Yakan faru idan injin ya cafki gezar darduma ko igiyar caja. Kwance farantin ƙasa, zare buroshin, cire tsohon bel. Saƙala sabon a sandar moto tukuna, sannan a buroshi, ka ja shi ya zauna a gurbinsa. Sabon bel zai yi maka kamar ya yi kaɗan, haka yake, tsohon ne ya saki. Juya buroshin da hannu sau uku ka ga bel ɗin yana tsakiya bai murɗe ba.

Ƙara da wari

Ƙarar kwaram-kwaram tana nufin wani abu mai tauri ya shiga fanka, ko haƙorinta ya karye. Kuka mai gurza da yake ci gaba lokacin da injin yake tsayawa bayan an kashe, boris ne. Idan kuwa ya yi fat, farin hayaƙi mai ɗoyi ya fito, amma moton bai daina juyawa ba, sau da yawa wani ɗan kondensa ne kusa da makunni ya fashe; ƙaramin gyara ne, kada a sayar maka da moto a kansa. Warin tsami daga shara ne: an zuƙi abu mai danshi. Sauya jaka, wanke bokiti da mesa, shanya su su bushe ƙayau.

Abubuwa huɗu suna kashe injin gida da wuri: ruwa, garin siminti, toka, da garwashin kasko. Na ƙarshen ya fi haɗari a ɗakunan da ake turaren wuta. Garwashin da ka ɗauka ya mutu, iskar injin tana hura shi ya farfaɗo a cikin jaka cike da gashi da takarda.

Mai batir da mai shan ruwa

Ƙananan masu batir idan suna yin kunna-kashe, kunna-kashe, toshi suke faɗa maka ko matata ta cushe. Na kamfanin Dyson da gangan aka yi su haka. Idan kuma hanya fes take amma caji ba ya kai minti biyu, batirin ya gaji. Zafi ne babban makashinsa, don haka kada a bar shi cikin mota da rana ko a caja shi yana da ɗumi. Batirin da ya kumbura a daina caja shi nan take.

Babban mai ganga irin na masu wankin mota yana da wata ƙwallo a ƙarƙashin moto. Idan ruwa ya cika, ko gangar ta faɗi, ƙwallon tana tashi ta toshe hanya, ƙara ta canza, ja ya tsaya cak. Kashe, zubar da ruwan, jira ka ji ta faɗo.

Idan da gaske moton ne

Za ka sani. Wayoyin tagullar ciki sun yi baƙi, warin ƙonannen fenti ya kama hannunka, fis yana ƙonewa da zarar an kunna. Sake naɗa kwayil ɗin irin wannan moto ba kasafai yake daɗewa ba, saboda gudunsa ya yi yawa, ƙaramin rashin daidaito yana sa shi rawa ya ci boris. Gara a sa wani. Cire tsohon ka tafi da shi Sabon Gari a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka auna faɗin fankar da tsayin moton, ka duba bolt da wat su yi daidai. A jona maka shi a gabanka na 'yan daƙiƙu, a riƙe shi da kyau don yana fizga, ka kalli bakin kabon ka saurari boris. Robobin da suke zaune a sama da ƙasan tsohon moton kada ka bar su a shagon, da su za ka ɗaura sabon.